Gidajen tubalin ciyawa a gundumar Custer: yadda aka zauna, aka cika, aka kuma ragu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine. Na ci karo da wasu tsofaffin hotuna na Turawan Amurka tsaye a ƙofar ɗakunan ƙasa, ciyawa ta tsiro a kan rufin, an ce a gundumar Custer ta jihar Nebraska aka ɗauke su. Me ya kai mutanen nan wurin? Yaya ake gina irin wannan ɗaki, kuma yana daɗewa? Sannan gaskiya ne yawan mutanen gundumar yanzu bai kai rabin na da ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, bai kai rabi ba. Kuma tambayoyinka uku jijiyarsu ɗaya: doka ce ta zaunar da kowane iyali a tsakiyar gonarsa, a ƙasar da ba ta da itace, ruwan samanta kuma ba shi da tabbas. Daga nan ɗakin ya samo siffarsa, daga nan kuma raguwar jama'a ta samo asali.

Gundumar Custer tana tsakiyar Nebraska, faɗinta murabba'in mil 2,576, wato kusan murabba'in kilomita 6,670. Ita ce ta biyu a girma a jihar, bayan gundumar Cherry. Babban garinta Broken Bow. Koguna biyu ne suka ratsa ta, Middle Loup da South Loup, tsakaninsu kuwa tuddai ne shimfiɗaɗɗu da kwazazzabai masu zurfi, arewa maso yamma kuma ƙasar tana shiga yankin tuddan yashi. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 600 ba, wata shekarar ya yi ƙasa da haka sosai.

Ba a sami wurin babu kowa ba, kuma bai kamata a ba da labarin kamar haka aka same shi ba. Ƙasar kogunan Loup ta mutanen Pawnee ce, manoman masara da wake da kabewa, masu farautar ɓauna, waɗanda su ma a manyan ɗakunan ƙasa masu zagaye suke zama. Yarjejeniyar 1857 ta raba su da mafi yawan ƙasarsu ta arewacin kogin Platte, a tsakiyar shekarun 1870 kuma aka kwashe su zuwa inda ake kira Oklahoma a yau. An kafa gundumar a 1877, aka sa mata sunan George Armstrong Custer, hafsan sojan da aka kashe a yaƙin Little Bighorn a 1876.

Masu shanu ne suka riga manoma shigowa, suna kiwo a filin gwamnati ba shinge ba haya. Da manoma suka fara kafa turaku sai rikici ya tashi, har a Disamban 1878 mutanen wani mai garke, Print Olive, suka kashe manoma biyu, Mitchell da Ketchum, aka sami gawarwakinsu a ƙone. Amma sanyin 1880 zuwa 1881 ne ya karya masu garke fiye da kotu, domin dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, shanu suka mutu birjik. Bayan nan manoma suka kwararo.

Abin da ya jawo su shi ne dokar rabon gonaki ta Homestead, wadda shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862. A lokacin, duk wanda ya kai shekara 21, ko yake riƙe da iyali, ɗan ƙasa ko baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, yana iya neman eka 160, kusan hekta 65. Kuɗin rajista gaba ɗaya dala 18. Sharaɗin shi ne ya tare cikin wata shida, ya gina wurin kwana, ya yi noma, ya zauna shekara biyar ba tare da ya bar wurin fiye da wata shida ba, sannan ya kawo shaidu biyu a ba shi takardar mallaka. Mai gaggawa yana iya biyan dala 1.25 kan kowace eka bayan wata shida. Mace marar aure ko wadda mijinta ya rasu tana da wannan haƙƙi, shi ya sa za ka ga hoton 'yan matan gidan Chrisman su huɗu a gaban ɗakin ƙasa. Baƙaƙen da suka fito daga bauta ma sun sami fili, kamar iyalin Shores da suka zauna kusa da Westerville. Wata doka ta 1873 ta ƙara eka 160 ga wanda ya yarda ya dasa itatuwa a eka 40, daga baya aka rage zuwa eka 10.

Kafin kowa ya iso, masu awo sun riga sun yanka ƙasar: murabba'i mai mil shida kowane gefe, a cikinsa yanki 36 masu eka 640 kowanne, kowane yanki kuma a raba huɗu. Yanki na 16 da na 36 an keɓe su don makarantu. To tunda doka ta ce dole ka kwana a filinka, ba a yi ƙauye irin wanda manoma ke taruwa su fita gona da safe ba. Kowane gida shi kaɗai, maƙwabci na kusa yana rabin mil, in an yi dace. Garuruwan da suka tsaya da ƙafarsu, kamar Ansley da Mason City da Merna da Anselmo, na bakin layin dogo ne. Jirgin kamfanin Burlington ya iso Broken Bow a 1886.

Sai maganar ɗakin. Wanda ya iso da amalanke ɗaya da dabbobi biyu ba shi da kuɗin katako, kafin zuwan jirgi kuma sai an yi tafiyar kwanaki zuwa garin Kearney ko Grand Island a ɗauko shi. Dutse babu, makamashin gasa bulo babu. Da yawa sukan fara da haƙa ɗaki a jikin gangare, su toshe gaban, su zauna shekara ɗaya ko biyu. Wannan yana da ɗumi amma yana da duhu da danshi, in ruwa ya sauko daga tudu kuma ta cikinsa yake bi. Daga nan sai a koma ɗakin da ke tsaye da bangonsa huɗu.

Tubalinsa ba kwaɓaɓɓe ba ne irin namu da ake murzawa a shanya a rana. Fallen saman ƙasa ne ake yankowa ɗanye, saiwoyin ciyawar da ba a taɓa nomewa ba su ne suke riƙe shi. Saboda haka zaɓen wuri shi ne rabin aikin. Ana neman ƙasa mai laka a kwari ko gefen fadama, inda ciyawa ta yi kauri, saiwa ta sarƙe. Fallen ƙasa mai yashi yana wargajewa tun a hannu. Lokaci mafi kyau shi ne kaka, sa'ad da saiwa ta ƙosa, kuma bayan an ɗan yi ruwa. Busasshiyar ƙasa tana farfashewa, wadda ta jiƙe sharkaf kuma ta yi nauyi, bango ya lotse fiye da kima.

Da farko a yanke ciyawar ta koma gajera. Sannan a shiga da garma. Garmar huɗa ta yau da kullum tana juya ƙasa tana kakkarya ta, shi ya sa aka ƙera wata ta musamman wadda maimakon faffaɗan kunne take da sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, suna ɗaga fallen a hankali su kwantar da shi ɗungurungum. Faɗinsa kamar inci 12, kaurinsa inci 4, wato santimita 30 da 10. Sai a bi da shebur mai kaifi ana datsawa ƙafa biyu-biyu, wasu har uku. Tubali mai ƙafa biyu yana kai kilo 25. Dole mai garma ya riƙe kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, in ba haka ba layin bango ba zai daidaita ba. Kuma ba a yanka fiye da abin da za a jera a ranar, domin wanda ya kwana a fili ya bushe ba ya kama ɗan'uwansa.

A share filin ɗakin, a daddaɓe, a kafa turaku da igiya. Mafi yawa ba su yi harsashi ba, kai tsaye suka ɗora a ƙasa, kuma wannan na cikin abin da ya rage wa ɗakunan kwana. Ana kifa tubalin, ciyawa tana kallon ƙasa. Ana jera biyu ko uku gefe da gefe, bango ya yi kaurin ƙafa biyu zuwa uku. Ba a sa kwaɓi. Mahaɗar kowane layi ba ta faɗa kan ta layin ƙasa, kuma duk layi na uku ko na huɗu sai a gitta tubalin ya ɗaure jerin ciki da na waje. Wanda ya yi kasalar gittawa, bangonsa zai rabe biyu a tsaye, na waje ya buɗe ya faɗi. Bayan kowane layi a aske saman da shebur ya yi daidai, a cika ramuka da ƙasa, kuma a zagaye ɗakin duka kafin a hau layi na gaba, don nauyi ya sauka bai ɗaya. Masu hankali sukan faɗaɗa gindi, bango ya riƙa sirancewa kaɗan yana hawa. Idan ka lissafa ɗaki mai mita 5 da mita 6 a ciki, bango santimita 60, tsayi mita 2.2, za ka sami tubali kusan 1,800, nauyi kimanin tan 45, ban da rufi.

Ƙofa da taga su ne wurin da sabon magini yake cin kuskure. Firam ɗin ƙofa tun layin farko ake kafa shi, na taga idan bango ya kai ƙugu. Ana huda firam ɗin a buga turakun itace su shiga cikin bango. A saman taga ana gitta katakai ko sanduna masu ƙarfi su ɗauki nauyin bangon sama, amma a bar tazarar inci huɗu zuwa shida tsakaninsu da firam, a cusa tsumma ko ciyawa. Dalili kuwa bangon zai zauna, ya ragu da inci da yawa cikin shekarar farko. In ba a bar wannan tazara ba, nauyin zai sauka kan firam, gilashi ya fashe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ana kuma fafe gefen tagar ta ciki ya buɗe, saboda haske ya samu shiga ta bango mai kauri haka.

Rufi shi ne ajalin yawancin ɗakunan nan. Mutanen Custer sun yi sa'a ɗaya, a kwazazzabansu akwai itacen sida mai jan ciki wanda ba ya saurin ruɓa, sai dai cikin 'yan shekaru aka sare mafi yawansa. Ana ɗora babban gungume a tsakiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a tokare shi da ginshiƙi mai gwafa, kuma a sa katako a ƙarƙashinsa inda ya hau bango don kada ya nutse. A kansa a jera sanduna, a shimfiɗa ƙirare, a bi da busasshiyar ciyawa, sannan fallen ƙasa, wanda ya fi na bango siranta. Matsalar tana wajen gangara. In rufi ya miƙe da yawa, ƙasar ta zame. In ya kwanta da yawa, ruwa ya zauna, ƙasa ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru ƙwarai, gungume ya lanƙwashe ko ya karye. Ko an dace da gangarar, rufin da ya jiƙe yakan ci gaba da ɗiga kwana biyu ko uku bayan an ɗauke ruwa. Mata sukan ɗaure akoko a ƙarƙashin rufi don tare ƙasa da ƙwari, a sauke shi a wanke lokaci-lokaci. Wanda ya sami kuɗi kaɗan, abin da ya fara saya shi ne katako da takarda mai kwalta ya shimfiɗa kafin ƙasa, in ya ƙara samu ya cire ƙasar gaba ɗaya ya rufe da ƙananan falankan katako. Wannan canji shi kaɗai yana iya mai da ɗakin shekara bakwai ya zama na shekara hamsin.

Ba a yaɓe ciki nan take. Sai an jira makonni, bango ya gama zama, a aske shi sumul, sannan a yaɓe da laka da toka, ko farar ƙasa da yashi ga mai hali. Yaɓen gaggawa tsagewa yake ya zube. Amfaninsa ya wuce ado: shi ne ke hana ɓeraye da macizai da ƙuma da kuɗin cizo samun mafaka a bango. A waje kuwa abokan gaba uku ne. Ruwan da ke zuba daga bakin rufi yana cin gindin bango in rufin bai fito sosai ba. Shanu suna soshe jikinsu a kusurwa har su cinye ta, shi ya sa ake kafa turaku ko waya a wurin. Iska da ruwa mai jifa kuma suna zaizaye fuskar da ke kallon arewa maso yamma.

Kada a ɗauka ɗakin wahala ce zalla. Bango mai ƙafa biyu ko uku yana riƙe ɗumi a lokacin da sanyi ke kashe mutum a waje, kamar guguwar ƙanƙarar 12 ga Janairu 1888, da rani kuma cikinsa da sanyi. Murhu ɗaya ya ishe shi, ga shi makamashin nasu busasshen kashin shanu ne da totuwar masara da murɗaɗɗiyar ciyawa. Wutar daji ba ta cin bangon, iska ba ta girgiza shi. Da yawa da suka koma gidan katako sun sha sanyin da ba su sha a da ba. Wani baƙo daga Beljiyam, Isadore Haumont, ya gina bene na tubalin ciyawa a arewacin Broken Bow a 1884, benen ya tsaya fiye da shekara 80. Wani manomin gundumar, Omer Kem, kuwa daga ɗakin ƙasa aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilan Amurka a 1890. Duk da haka, a idon yawancin masu su, ɗaki ne na wucin gadi, na cika sharaɗin shekara biyar, kuma gidan katako shi ne shaidar cewa mutum ya yi arziki.

Hotunan da ka gani, mafi rinjaye na Solomon Butcher ne. Shi ma ya zo neman fili a 1880, noma bai karɓe shi ba, sai daga 1886 ya shiga zagaya gundumar da keken doki yana ɗaukar iyalai. Gobara ta cinye gidansa da rubuce-rubucensa a 1899, amma gilasan da aka ɗauki hotunan a kansu suka tsira, ya fitar da littafin tarihin gundumar a 1901. Gilasan suna hannun hukumar tarihi ta jihar Nebraska. A matsayinka na ɗalibin gini, ka duba layukan da aka gitta, da turakun kusurwa, da lanƙwasar rufi. Za ka iya gane maginin kirki daga hoto.

Ƙidaya ta nuna yadda abin ya tafi. A 1880 mutanen gundumar ba su fi 2,200 da 'yan kai ba. A 1890 sun haura 21,000. Shekara goma kacal, kuma shekarun ruwa ne, har wasu masana na lokacin suna koyar da cewa noma da kansa yana jawo ruwan sama. Masanin ƙasa John Wesley Powell ya riga ya yi gargaɗi a rahotonsa na 1878 cewa a busasshiyar ƙasar yamma iyali mai kiwo yana bukatar eka 2,560, ba a saurare shi ba. Layin da ake ɗauka a matsayin iyakar ƙasar ruwa da ta fari, wato layin taswira na digiri 100 yamma, ta yammacin gundumar nan ya ratsa. Farin 1890 ya zo, tattalin arzikin ƙasa ya karye a 1893, a Yulin 1894 kuma iska mai zafi ta ƙone masara a tsaye. Waɗanda suka jinginar da gona don sayen dawaki da injin girbi suka rasa ta. Ƙidayar 1900 ta sauko ƙasa da 20,000.

Ruwan sha ma ya tace mutane. A kwari rijiya ba ta da zurfi, amma a kan tudu sai an haƙa ƙafa 200 ko fiye, da hannu, ana kafa katako don kada yashi ya rufta. Kafin a sami rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da iska, iyalai da yawa a ganga suke jigilar ruwa daga nesa.

Dokar Kinkaid ta 1904 ta ɗaga rabo zuwa eka 640 a yammacin Nebraska, wanda amincewa ce a fili cewa eka 160 ta yi kaɗan. Ruwa ya dawo, farashin hatsi ya yi kyau har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, jama'a ta kai ƙololuwa a 1920, sama da 26,000. Daga 1930 sai gangara: fari da ƙura da karyewar farashi, sannan tarakta, wadda ta sa mutum ɗaya yake nome abin da iyalai da yawa suke nomewa. Duk wanda ya tashi, maƙwabci ne ke sayen gonarsa. Injin ban ruwa mai zagaye, da ke jan ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya ƙara amfanin gona amma bai ƙara hannun da ake bukata ba. Rikicin bashin manoma na shekarun 1980 ya sake kwashe wasu. A 2010 an ƙirga 10,939, a 2020 kuma 10,545, kusan kashi ɗaya cikin uku a garin Broken Bow. Ka yi wannan lissafi: murabba'in mil 2,576 sau huɗu ya ba da filaye masu eka 160 kimanin 10,300. Ke nan yau kusan mutum ɗaya ne a kan kowane filin da doka ta yanka wa iyali guda.

Gidajen da suka gaji na ƙasa na katako ne mai siraran sanduna da ƙusa, wanda jirgi ya sauƙaƙa kawowa, wasu ma daga kundin talla na kamfanin Sears aka yi odarsu a yayyanke, tsakanin 1908 da 1940. A cikin tuddan yashi, inda falle ba ya riƙe kansa, wasu sun yi bango da ɗaurarrun dammunan ciyawa suka yaɓe, kamar cocin garin Arthur na 1928.

Idan kana son misalin da ya rage a tsaye, ka nemi bayanin gidan Dowse kusa da Comstock, wanda aka gina a 1900, aka zauna cikinsa har 1959, aka gyara shi a farkon shekarun 1980 ya zama gidan tarihi. Abin da ya raya shi a bayyane yake: rufin katako, yaɓe a ciki, da rigar siminti da aka yi masa a waje daga baya. Sai dai siminti a kan bangon ƙasa yana son sa ido. Ba ya mannewa da kansa, sai an kafa ƙusoshi ko ragar waya ya kama. Idan ya tsage, ruwa yana shiga ta bayansa ya kasa fita, ƙasar ta narke a ɓoye alhali fuskar tana nan lafiya. Mai duba irin wannan gini yakan fara da rufi da bakinsa, ya sauko gindin bango ya ga ko ruwa yana gangarewa nesa da shi, sannan ya ƙwanƙwasa rigar simintin wuri-wuri, inda ya ji ƙarar fanko ya san bango ya rabu da ita.